Tsargiya a Sudan: Tarihin Cuta da Maganinta

Suk al-Shabi, sunan manyan kasuwanni biyu a Khartum da Omdurman, ta daɗe tana tara fatake da matafiya daga lardunan Sudan, cikinsu har da Hausawan Jazira. Kakannin da yawa daga cikin waɗannan Hausawa mahajjata ne da suka yada zango a hanyar Makka suka kama aikin auduga. Tarihinsu ya haɗu da na wata cuta da Bahaushe ya daɗe da sani, wato tsargiya ko fitsarin jini.

Wata tsutsa ce ke haddasa ta, wadda likitan Jamus Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851. A 1915 Robert Leiper ya tabbatar da cewa a jikin dodon koɗi take girma kafin ta fito cikin ruwa ta huda fatar mai wanka ko mai ban ruwa. Idan ta balaga sai ta zauna a jijiyoyin jini tana zuba ƙwai, kuma ƙwan ne ke yin ɓarna. Waɗanda suka maƙale a mafitsara suna jawo fitsarin jini, su toshe hanyar fitsari, su lalata ƙoda. Waɗanda suka faɗa hanta kuwa suna sa ta tauri, saifa ta kumbura, har mutum ya yi aman jini.

A Khartum aka sami magani na farko mai aiki. A 1917 likita J. B. Christopherson na asibitin gwamnati ya fara yi wa masu tsargiya allurar sinadarin antimoni ta jijiya, ya buga sakamakon a 1918. Maganin yana kashe tsutsar, amma sai an yi makonni ana allura, ga amai da tari, wani lokaci ma yakan taɓa zuciya.

Bayan shekara bakwai, a 1925, aka kammala madatsar Sennar, ruwan Shuɗin Nilu ya shiga magudanan gonakin Jazira. Ruwa mai tafiya a hankali shi ne gidan dodon koɗi, don haka cutar ta sami gindin zama a tsakanin manoma da leburori, musamman masu zama a bakin magudanai, waɗanda a nan suke sha, suke wanka.

A shekarun 1970 aka samar da ƙwayar praziquantel, wadda ake sha sau ɗaya gwargwadon nauyin jiki. Shirin lafiya na Shuɗin Nilu da aka fara a 1979 ya haɗa ta da kashe dodon koɗi da samar da ruwa mai tsabta, cutar ta ragu ƙwarai. Da shirin ya ƙare sai ta sake ɗagowa, domin ƙwayar tana kashe tsutsar da ke jiki ne kawai, ba ta hana sabon kamu. Yaron da ya warke yau, in ya koma magudana gobe, tsargiya na nan tana jiransa.