Wutar Biki da Masu Hoto a Ƙasar Maraɗi

Wuta ta daɗe a cikin bukukuwan ƙasar Maraɗi kafin kyamara ta iso, kuma ko bayan isowarta an ɗauki shekaru masu yawa ba ta iya kama wutar yadda ido ke ganinta ba. Katsinawan da suka rasa birninsu a jihadin farkon ƙarni na 19 suka kafa sarautarsu a bakin Gulbin Maraɗi, da Gobirawan da suka kafa Tibiri a 1836 bayan yaƙin Gawakuke, mutane ne da zamansu ya ginu a kan shirin yaƙi, don haka 'yan bindiga suka kasance cikin rundunar sarki. Da yaƙe-yaƙe suka ƙare a zamanin Faransawa, sai bindigar toka ta zama kayan hawan salla, ana ɗura mata albarushi ba harsashi, ana bugawa don ƙara da hayaƙi da harshen wutar da ke fita daga bakinta.

Sana'ar hoto, wadda aka bayyana wa duniya a Faransa a 1839, ta bazu a garuruwan Afirka ta Yamma ta hannun baƙi daga ƙasashen gaɓar teku, musamman Yarbawa, waɗanda suka buɗe shagunan hoto a wurare da dama har cikin Nijar. Aikinsu ya fi karkata ga hoton takardun hukuma da na aure da suna, inda mutum zai tsaya cik a gaban labule, domin tsohuwar kyamarar akwati, wadda mai hoto ke rufe kansa da baƙin ƙyalle yana leƙa ta, ba ta jure motsi. Wannan ne ya sa tsofaffin hotuna suka fi adana fuskoki da riguna da rawuna, abin da ke wucewa cikin ƙiftawar ido kuwa ya kuɓuce musu.

Asalin wahalar tana cikin abubuwa uku da kowane mai hoto ke daidaitawa, wato faɗin ƙofar haske, wadda ita ce kafar da haske ke bi ta cikin gilashin kyamara, da tsawon lokacin da marufinta ke zama a buɗe, da kuma ƙarfin fim wajen karɓar haske, wanda ake aunawa da lambar ISO. Wutar bindiga a filin hawa da rana tsaka tana bukatar marufi mai saurin gaske, kamar kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa, kuma duk da haka sai mai hoto ya lura da hannun ɗan bindiga ya danna tare da shi, in ba haka ba hayaƙi kaɗai zai samu. Tartsatsin da ake harbawa sama da dare a bukukuwan zamani, wanda asalinsa ƙasar Sin ce kamar yadda asalin albarushi yake, yana neman kishiyar wannan gaba ɗaya: a kafa kyamara a kan mariƙi mai ƙafa uku don kada ta girgiza, a kashe fitilarta tunda haskenta ba ya kai wa sama, a saita ganinta a kan nesa, a bar ISO a 100 da ƙofar haske tsakanin f/8 da f/11, sannan a buɗe marufi daƙiƙa 2 zuwa 4 domin kowane tartsatsi ya ja zarensa daga tashi har faɗuwa. A lokacin hunturu, kamar a bikin 18 ga Disamba na tunawa da kafa Jamhuriyar Nijar a 1958, wanda birnin Maraɗi ya karɓi baƙuncinsa a 2015 da sunan Maraɗi Kwalliya, hazo na ƙara dagula lamarin, saboda ƙura tana watsa haske tana dusashe launi, shi ya sa gwani ke tsayawa ta inda iska ke kore hayaƙi daga gabansa.

A zamanin fim, mai ɗaukar hotuna 24 ko 36 a naɗi ɗaya, mai hoto ba ya sanin abin da ya kama sai an wanke, ga kuma tsada, don haka kaɗan ne za su yarda su ɓata fim a kan wutar da ba wanda zai biya kuɗinta. Kyamarar dijital da wayar hannu sun kawar da wannan fargaba, har ya zama matashi daga Jiratawa zai shigo gari kallon hawa ya koma gida da hotuna masu ɗimbin yawa, sai dai mafi yawansu suna salwanta tare da wayar.

Abin da ya fi gaggawa shi ne tsofaffin fina-finan da ke jibge a shagunan hoto, waɗanda zafi da ƙura da gara ke ci kullum. Ya dace Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da fadojin Maraɗi da Tibiri su tattara su, su rubuta shekara da sunan wanda ya ɗauki kowane, tun masu iya gane fuskokin da ke ciki suna raye.