Jita Da Ganga A Cikin Sujada

A ikilisiyoyinmu na Birnin Kudu da Gwaram dattawa da matasa suna ja-in-ja a kan jita da gangar Bature, har wasu matasa sun fara ƙaurace wa sujada. Bari mu waiwayi baya.

A Shikago ta Amurka, Thomas Dorsey makaɗin bulus ne kafin ya koma waƙoƙin bishara. Majami'u da dama suka ƙi waƙoƙinsa, wai na duniya ne. Amma a 1932 majami'ar Pilgrim Baptist ta danƙa masa ƙungiyar mawaƙa. A 1969 waƙar Edwin Hawkins mai salon sol ta game gidajen rediyo. A 1997 Kirk Franklin ya ɗora yabo a kan kiɗan rawa na fank, aka sake gunaguni.

Mu ma haka ne. 'Yan mishan sun koya mana Littafin Waƙoƙi ba ganga. Zumuntar Mata ta shigo da tulu da caki. Panam Percy Paul na Jos ya zo da jita. Yau wa ke ƙyamarsu?

Dattawa, mu saurari kalmomin kafin mu hana. Matasa, kada kiɗa ya danne saƙo. Mu karanta Zabura 150 tare. Ubangiji ya taimake mu. Amin.