Kafin Ka Yi Wa Hom Tiyata Lodi Zuwa Gida: Yadda Ake Gane Ta Gaske, Da Finafinan Da Ake Gwada Ta Da Su

Duk lokacin da Sallah ta matso, ko bukukuwan bayan kaka suka kankama, tambaya ɗaya 'yan uwa mazauna Agege, Mile 12, Sabon Ibadan da Ama Hausa ta Owerri suke yawan turo min: wace hom tiyata zan saya in kai gida? Wani ɗakin 'yarsa zai jera, wani nasa ɗakin zai gyara kafin amarya ta tare, wani kuma gidan kallon ƙwallo yake son buɗe wa ƙanensa. Ni ɗan Zadawa ne, a Azare na koyi gyaran rediyo kafin in gangaro Kurmi, don haka da irin ɗakunanmu da irin wutarmu zan yi misali. Mutumin Katagum, Misau ko Jama'are ma zai ga duk kanwar ja ce.

Daga Legas zuwa Azare ya haura kilomita 1,000. Idan ka saya a kasuwar Alaba, kaya suka bi ta Kano, Wudil da Jama'are suka isa gida, sannan aka gano matsala, babu mai komawa da su. Duk binciken da za ka yi, a gaban mai shago za ka yi shi, kuɗinka na aljihunka.

Me ake nufi da 5.1?

Lambar da ke jikin kwali, 2.1 ko 5.1 ko 7.1, ƙidayar hanyoyin sauti ce. A 5.1 akwai sifika biyar: ta hagu da ta dama a gaba, ta tsakiya wadda ke ɗauke da maganar 'yan wasa, sai biyu na baya masu kawo ƙarar ruwan sama, iska, hayaniyar kasuwa, ko harsashin da ya wuce ta bayanka. Ɗayan da ke bayan ɗigo shi ne wufa, akwatin nan mai rugugi, wanda aikinsa sautin ƙasa-ƙasa ne kawai, irin wanda ake ji a ƙirji. Kowace hanya da nata sautin daban tun daga inda aka haɗa fim ɗin. Tsarin Dolby Digital ya fara fita a silima da fim ɗin Batman Returns a 1992, DTS ya biyo baya da Jurassic Park a 1993, sai Dolby Atmos mai ƙara sauti daga saman kai ya zo da Brave a 2012.

To a nan ne ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Da yawa daga cikin masu arahar nan sifika shida ce a kwali, amma hanya biyu ce a cikin injin. Sautin hagu da dama kawai suke rabawa ga duk sifikun, sai ɗaki ya cika da ƙara, mai saye ya yi ta murna. Gane su ba wuya. Ka sa fim mai 5.1, ka jira inda mutum biyu ke hira, ka kara kunnenka a sifikar baya. Idan ka ji muryar ɗan wasa tana fita raɗau a can, ta bogi ce. Ko ka ce a zare wayar sifikar tsakiya: a ta gaske, magana za ta kusan ɓacewa, kiɗa da hayaniya su ci gaba. A wannan harka ji ne ya kori gani.

Sai batun wat. Za ka ga an rubuta 5,000W ko 10,000W da manyan baƙaƙe, a gefe an sa PMPO da ƙanana. Lambar talla ce wannan. Wadda ake aiki da ita ita ce RMS. Idan ba a rubuta ba, juya bayan injin ka karanta yawan wutar da yake ja. Abin da ke jan wat 80 daga soket ba shi da inda zai samo 5,000 ya ba ka. Ɗaga wufan ma ka ji nauyinsa. Mai maganaɗisu na kirki da katako mai kauri ba ya tashi kamar kwalin taliya.

Fim ɗin da waya su ma sai sun yarda

Ko ka sayi ta gaske, abin da ka ba ta shi za ta fitar. Wayar nan mai kai ja da fari hanya biyu kawai take ɗauka. Bluetooth ma haka. Masu ɗaukar 5.1 su ne HDMI, musamman ramin da aka rubuta ARC a bayan talabijin, da wayar oftikal mai ɗan jan haske a baki. Ka tabbata injin yana da ɗaya daga cikinsu, kuma akwai tambarin Dolby Digital ko DTS a jikinsa.

Abin da ya fi wannan muhimmanci a wurinmu: me za a riƙa kallo a ɗakin? Yawancin finafinan da ake turawa a waya ko filas wajen masu turi an matse su don kada su ci wuri, sautinsu hanya biyu ne. Finafinan Indiya da aka fassara da Hausa su ma haka suke zuwa. Labarina a YouTube, ko Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na Arewa24, shirye-shirye ne na magana, abin da suke buƙata shi ne murya ta fita tas. Idan su ne abincin gidan, da wa'azi da karatun Alƙur'ani da waƙoƙin biki, wallahi 2.1 mai kyau ta fi 5.1 ta bogi, ka rage kuɗi ka sayi sitabilaiza. Akwai maɓallin Pro Logic a wasu injinan da ke ƙoƙarin raba hanya biyu zuwa biyar. Yana taimakawa a kallon ƙwallo, ihun 'yan kallo ya koma baya, amma dabara ce, ba ta kai asali ba. Ainihin 5.1 ana samunsa a faifan DVD ko Blu-ray na asali, a finafinan Netflix masu alamar 5.1, da manyan fayil ɗin da ba a matse sautinsu ba.

Wuraren da nake gwaji da su

Ina da filas guda da ba na rabuwa da shi idan zan raka wani Alaba. Ba fim sukutum ake kallo ba, minti biyu zuwa uku ya isa, kuma kowane wuri da abin da yake tonawa.

Na farko kullum Jurassic Park ne na 1993, inda motoci suka tsaya cikin dare ana ruwa, ruwan kofi ya fara rawa saboda takun dabbar tun ba a gan ta ba. Wufa na kirki zai ba ka wannan takun can ƙasa, dum, ya yi shiru, dum. Na banza sai ya yi ta gurnani ba tsayawa, ko ya yi ƙara kamar an buga bokiti. A lokaci guda ruwan saman ya kamata ya kewaye ka, kamar kana cikin ɗakin kwano a watan Agusta. Wuri ɗaya ya gwada maka abu biyu.

Wanda na fi so duk cikinsu shi ne farkon Master and Commander na 2003. Jirgin ruwan yaƙi ne na katako cikin hazo. Kafin a fara harbi akwai shiru mai tsawo: katako na ƙara, igiya na motsi, ana gudu a saman bene har ka ɗaga kai ka duba silin. Sai igwa ta tashi daga nesa, katakai su tarwatse ta ko'ina. Inji mai rauni yana iya yin ihu, amma ƙananan sautukan nan na cikin shiru ba ya iya fito da su. Shi ya sa nake cewa mai shago ya rage ƙara. Su sun fi son su ƙure ta, don a cikin hayaniyar kasuwa komai daɗi yake yi.

Saukar sojoji a gaɓar teku a farkon Saving Private Ryan na 1998 ita ce gwajin sifikun baya: harsasai na wucewa daga gaba zuwa baya, kyamara ta nutse cikin ruwa sauti ya toshe, ta fito ya dawo. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta sauti. Sai dai akwai jini sosai, kada ka kunna shi gaban yara ko surukai ranar da ake ganin ɗaki. The Matrix na 1999, wajen harbe-harben ƙasan bene inda kwanson harsashi ke zuba a tayil, yana nuna ko ƙananan sifikun suna da kaifi. Gravity na 2013 kuma muryoyi ne ke zagaya ɗaki yadda 'yan sama jannatin ke juyawa. Idan an haɗa wayar hagu a dama, nan take asiri zai tonu. A wannan fim kaɗai kada ka yi gwajin kara kunne da na faɗa a sama, don da gangan aka kai magana baya.

Mutanenmu dai Indiya suka fi so, kuma suna da hujja. Sholay na 1975 ya yi suna tun a wancan zamani da faifan 70mm da sautin sitiriyo, har ana labarin ƙarar kwabon da ake jefawa a ciki. A na yanzu, ka nemi RRR na 2022, wajen da mota ta kutsa cikin liyafar Turawa namun daji suka yi tsalle suka fito, ko gangunan waƙar Naatu Naatu da ta ci Oscar a 2023. Yaƙin ƙarshe na Baahubali 2 na 2017 ma ya isa. Amma ka nemi na asalin harshen, mai babban fayil. Wanda aka ɗora wa fassara ba zai gwada maka komai ba.

Jera su a ɗaki

Kuskuren da na fi gani a ɗakunan amare daga Zadawa har Azare shi ne a jera duk sifikun shida a kan kabet ɗaya, reras kamar kwanukan jere. Ido ya ji daɗi, kunne ya yi asara. Ta tsakiya ƙarƙashin talabijin take zama ko samansa, tana kallon mai kallo. Hagu da dama su buɗe daidai wa daida, yadda su biyun da wurin zamanka za su yi kamar duwatsun murhu. Ƙa'idar masana ita ce digiri 30 kowane gefe, na baya kuma wajen digiri 110, wato a gefenka su ɗan wuce kafaɗa, sama da kunne kaɗan. Ka tuna da yawanmu a kan kafet ko tabarma muke kallo. Idan ka kafe su can kusa da silin, sautin zai wuce ta saman kai.

Wufa a ƙasa yake zama, kusa da bango, ba cikin kabet ba. Idan ka kusa da shi lungu rugugi zai ƙaru, wani lokaci har ya yi yawa ya cinye magana. Dabarar da nake yi: in ɗora shi a inda ake zama, in sa wajen takun nan na Jurassic Park, in zagaya gefen bango a durƙushe. Inda na ji takun ya fi fita tsaf, nan ne mazauninsa. Ɗakin siminti mai tayil da rufin kwano ba silin yana amsa kuwwa. Kafet, labule mai kauri da katifa suna shanye ta. Kofuna da farantan cikin shogilas kuwa sai an sa musu ƙyalle a ƙasa, in ba haka ba duk fashewar bam da su za a yi amshi. Wajen haɗa waya, ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a kowace sifika. Idan aka juya guda, sautin zai yi fayau ba nauyi. A bi da wayoyin baya ta jikin bango cikin bututun roba, saboda ɓera da ƙafar yara.

Wuta, ƙura da hanya

Wutar Najeriya bolt 230 ce. Tokumbo da aka shigo da ita daga Amurka yawanci ta 120 ce, kana sa ta a soket kai tsaye ta tafi. Karanta bayanta kafin ka biya. Idan 120 kaɗai aka rubuta, sai da taransifoma mai rage wuta. Tokumbon Ingila ko Jamus ba ta da wannan matsalar, kuma sau da yawa tsohuwar Sony, Yamaha, Onkyo ko Denon mai lafiya ta fi sabuwa marar suna. Sai dai ka tabbata da rimot ɗinta, don wasu saituttukan ba a shiga sai da shi. Kada kuma a haɗa maka sifikun wani inji da kan wani ba tare da an duba lambar om ɗinsu ta dace ba, yana ƙona injin.

A gida abin da ke kashe su shi ne dawowar wuta da ƙarfi, da ƙaramin janareta mai hawa da sauka. Sitabilaiza dole ce, kuma a riƙa zare soket idan an ɗauke wuta ko hadari ya taso. Mai sola ya nemi inbata mai tsabtatacciyar wuta. Mai arahar tana sa sifika ta riƙa zuuu ko ba a kunna komai ba. Zafin Maris da Afrilu a ƙasar Katagum yana haura digiri 40, don haka kada a rufe saman injin da ƙyallen ado yana aiki. A rufe shi bayan an kashe, musamman da hunturu lokacin ƙura.

Sai maƙwabta. Gidajenmu a haɗe suke, rugugin wufa kuma yana ratsa bango fiye da magana. Yawancin injina suna da saitin dare, wanda ke rage fashe-fashe ya ɗaga murya. A nuna wa amarya inda yake tun ranar da aka haɗa.

Wajen lodi, ka bar komai cikin kwalinsa na asali da farin soson da ya zo da shi, ka naɗe da leda saboda ruwa, ka ce wa yaran mota kada a ɗora buhu a kai. Rimot, wayoyi da rasit su zauna a jakarka ta hannu. Kafin a rufe kwalin, ka manna wa kowace waya 'yar takarda: gaba hagu, gaba dama, tsakiya, baya hagu, baya dama. Ka ɗauki hoton bayan injin yana haɗe ka tura wa wanda zai karɓa a tashar Azare, tare da filas ɗin gwajin, don ya sake sa wuraren nan da ka ji a shago ya tabbatar haka suka iso.