Ƙasar Maska: Inda Gulbin Sakkwato Ya Faro

Tambaya: Wani mai sauraronmu daga Bakori, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi, yana son a ba shi tarihin gundumar Maska a zamanin Turawa, da dalilin da ya sa Sarkin Maska yake zaune a Funtua.

Amsa: To Malam, sai mu fara da ita ƙasar kanta. Kudancin Katsina shi ne ake kira Katsina Laka, saboda ƙasarsa mai nauyi ce, tana riƙe ruwa, damina kuma ta fi ta arewa tsawo. Nan kusa da Funtua ne Gulbin Sakkwato ya faro. Daga nan ya bi ta Gusau da madatsar Bakolori, ya haɗu da Rima a Sakkwato, ya wuce Argungu da Birnin Kebbi, kana ya faɗa Kwara. Watau ruwan da ya sauka a gonakin wannan yanki, wani sashensa sai ya kai Kabi.

Wannan laka da fadamu su ne tushen arzikin wurin. Tun kafin zuwan Turawa Maska tsohon gari ne da ya shahara da noman auduga da saƙa da rini, fatake na ɗaukar tufafinsa zuwa nesa.

Turawan Ingila sun shiga Katsina a 1903, suka tsara ƙasar gunduma gunduma, aka umarci hakimai kowa ya zauna cikin ƙasarsa yana tara haraji. Sarkin Maska na riƙe da tasa, Galadiman Katsina kuma na Malumfashi. Abin da Bature yake so a nan kuwa auduga ce, domin masaƙun Ingila. Kamfanin BCGA, wanda aka kafa a Mancesta a 1902, ya kafa injin gurza a Funtua da Malumfashi. Aka kawo irin Amurka mai suna Allen, aka buɗe gonar iri a Daudawa cikin shekarun 1920. Da yake da kuɗi ake biyan haraji, dole manomi ya shuka abin da zai sayar.

Sai kuma jirgin ƙasa. An ja layin dogo daga Zariya ya bi ta Funtua da Gusau, ya isa Ƙaura Namoda a 1929. Maska ba ta kan wannan hanya. Kantunan Turawa, da 'yan koli, da baƙi daga kudu duk suka taru inda tasha take. Funtua ce ta zama mazaunin hakimi, sarauta ta riƙe tsohon sunanta. Amsar tambayarka ta biyu ke nan. Audugar da masaƙan Maska suke saye a dā, sai ta riƙa bin jirgi zuwa Ikko, ta dawo a matsayin yadi.

Bayan mulkin kai auduga ta ci gaba da ɗaukar yankin. A 1975 aka fara shirin raya aikin gona na Funtua da rancen Bankin Duniya, wanda ya yaɗa taki da masara. A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, daga baya masaƙun Kaduna suka yi ta rufewa, manoma da yawa suka koma masara da waken suya da shinkafa.

Abin lura, Malam, gulbi da laka suna nan inda suke. Abin da ke sauyawa shi ne hanya da mai saye. A 2024 an buɗe tashar tsandauri a Funtua domin fitar da kaya waje. Kafin ka ba wani amfani gonarka duka, ka tambayi wa zai saya, ta wace hanya, kuma wa ke yanka farashi. Da fatan ka gamsu.