Daga Jinka zuwa Kwano: Tarihin Rufin Ɗaki a Ƙasar Ƙonni da Malbaza

A ƙasar Ƙonni, Malbaza da Illela, wato kudancin jihar Tawa, inda damina ba ta cika wuce wata huɗu ba amma takan zo da iska mai ƙarfi, tarihin rufin ɗaki yana tafiya ne tare da tarihin itace, domin ƙasar gini ba ta taɓa yankewa ba, abin da zai ɗauki nauyinta ne ya yi ta ƙaranci. Rufin da ya fi daɗewa shi ne jinka, wadda ake ɗaura tsaikonta a ƙasa da sanduna da kara, a lulluɓe shi da shibci, wato ciyawar da aka saƙa jere-jere, sannan maza su taru su ɗaga ta su aza bisa bangon ɗaki ko rumbu. Jinka tana da sanyi da araha, sai dai wuta ba ta raga mata, kuma shibcin yakan ruɓe bayan ƴan damuna.

Masu hali da sarakuna sun fi son soro, ɗakin da ake rufewa da ƙasa. Ƙashin bayansa azara ce, wato gangar giginya da aka tsattsaga, wadda magina suka fifita saboda gara ba ta cinta da wuri. Ana jera azarori daga bango zuwa bango, a shimfiɗa zana ko kara a kansu, a zuba kwaɓaɓɓiyar ƙasa a daddaɓe, a karkata saman kaɗan domin ruwa ya gangara ta indararo, makwararin da ke tunkuɗa shi nesa da gindin bango. Tun da azara ɗaya ba ta iya ƙetare fiye da kimanin mita biyu ba tare da ta lanƙwashe ba, sai magina suka ƙago bakan gizo, inda ake ɗaura azarori ɗaya bisa ɗaya daga bangaye biyu har su haɗu a tsakiya, kuma idan bakuna suka gitta juna suka tallafi tulluwa, shi ake kira daurin guga. Sharaɗin soro guda ne, kuma ba ya ɗaukar uzuri: kafin ruwan fari a hau a toshe tsagu, a share bakin indararo, a sabunta yaɓe, wanda a wurare da dama ake haɗawa da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa mai hana ruwa ratsa ƙasa.

Giginya ba ta da yawa a wannan yanki na Adar, manyan dazuzzukanta na Nijar suna can Dallol Mauri wajen Gaya, saboda haka azara tana da tsada tun asali. Masallacin Juma'a na garin Yama, a gundumar Illela, ya nuna dabarar da aka yi. Magini Falke Barmu ya fara shi a shekarar 1962, ya yi amfani da damman sanduna a gurbin azara, a 1975 ya sake rufin bisa bakuna ya ƙara tulluwa a tsakiya, daga baya aka tayar da hasumiyoyi huɗu a kusurwoyi, kuma a 1986 ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan kan fasahar gini.

A tsakiyar shekarun 1960 aka kafa masana'antar siminti a Malbaza saboda dutsen farar ƙasa da ke yankin, kuma ta daɗe tana ita kaɗai ce irinta a Nijar, tana fitar da kimanin tan 40,000 a shekara, kafin sabuwar masana'anta mafi girma ta fara aiki a 2018. Duk da haka siminti ya fi sauya bango da daɓe fiye da rufi, domin zuba kankare a sama, abin da magina ke kira dal, yana cin rodi da tsakuwa da katakon tokara, shi ya sa ya tsaya a ofisoshi, benaye da gidajen manyan ƴan kasuwa. Wanda ya ci kasuwar talaka shi ne kwano, domin farin shekarun 1970 da na 1984 sun rage itace da ciyawa, dokokin gandun daji sun tsananta kan sara, kuɗin ƴan cin rani sun shigo ƙauyuka, ga kuma iyakar Najeriya dab da Birnin Ƙonni, inda kaya ke shigowa ta hanyar Sakkwato. Kafinta yana iya rufe ɗaki cikin yini guda, kuma mai shago ya sami faɗin da azara ba ta bayarwa.

Amma kwano bai kawar da aikin kula ba, sauya shi kawai ya yi. Ramin ƙusa yana buɗewa ya zama yoyo, tsatsa tana kama siririn kwano, iskar farkon damina tana yaye wanda ba a ɗaure katakonsa da waya a cikin bango ba, dalilin da ya sa ake ganin duwatsu da bulo jere bisa rufin gidaje. A bazara kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗakin kwanon da ba shi da silin ba ya zaunuwa da rana, abin da ba a san soro da shi ba.

Wannan ne ya sa wasu masana gini suka waiwayi ƙasa. A Dandaji, cikin jihar Tawa, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin da Falke Barmu ya gina ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aka kammala a 2018. Irin wannan aiki bai yaɗu ba tukuna, kuma a gidajen talakawa kwano ne ke ci gaba da rinjaye, ba don ya fi soro daɗin zama ba, sai don samun kafinta ya fi samun gwanin magini sauƙi.