Raunin Aiki da Gurbin Ma'aikaci a Tarihin Ƙasar Yauri

Duk wanda ya ji rauni a bakin aikinsa yana buƙatar abu biyu, waɗanda akan haɗa su a magana amma tarihinsu ba ɗaya ba ne: abin da zai ci da iyalinsa muddin yana kwance, da kuma tabbacin cewa ranar da ya miƙe zai tarar da gurbinsa ba a cike shi da wani ba. Na farko shi ne diyya ko kuɗin jinya, na biyu kuwa shi ne hutun jinya mai kariya, wato hutun da ba a iya sallamar mutum saboda shi. A ƙasar Yauri, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga a kudancin Jihar Kebbi, al'ada ta daɗe tana riƙe wa majinyaci gurbinsa ba tare da ta yanka masa wani kuɗi ba, dokar gwamnati kuma da ta zo daga baya sai ta yanka kuɗin ta bar gurbin a hannun mai aiki.

Kafin zuwan Turawa, kuma har bayan zuwansu da shekaru masu yawa, aikin da ke ciyar da Gungawa a tsibiran Kogin Kwara, da Kambari a tudu, da Shangawa da Lopawa da Sarkawa masunta, aiki ne na gida da dangi. Noman gero da dawa ana yin sa a gandu, wato gonar gida da uba ko babban wa ke jagoranta, noman albasa na rani da Gungawa suka shahara da shi ana yin sa a bakin ruwa da hannun iyali, jirgin kamun kifi kuwa ba kasafai yake ɗaukar bare ba. Saboda haka batun kora bai ma taso ba, domin ba a korar ɗa daga gandu don gatari ya sare masa ƙafa. Wanda ya karye akan kai shi wurin maɗori, ya ja ƙashin ya daidaita, ya jera karare ko tsinken gora a kewaye ya ɗaure da tsumma, ya hana shi taka ƙafar na makonni. Wanda ƙayar kifi ta soke kuwa wurin Sarkawa ake nufa da shi, don su aka sani da maganinta. Idan raunin ya faɗo a tsakiyar damina, 'yan uwa da maƙwabta sukan kira gayya su nome masa gona. Bai kamata a ƙawata wannan tsari fiye da kima ba, domin ƙarfinsa daidai yake da yawan dangin mutum, kuma baƙo da bawa da wanda ya zo cin rani ba su da wannan gata sai gwargwadon kirkin ubangidansu.

Shari'ar Musulunci, wadda alƙalan masarautar ke hukunci da ita bisa mazhabar Malikiyya, ta zo da lissafi filla-filla a kan raunin jiki. Cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce ko dinari 1,000 na zinariya, hannu ɗaya ko ido ɗaya rabin wannan, yatsa raƙuma 10, haƙori 5, kuma idan raunin na kuskure ne ya kai sulusin diyya, aƙila ce ke biya, wato dangin mai laifin ta wajen uba. Sai dai wannan lissafi yana aiki ne inda wani ya jawo raunin, da gangan ko da kuskure ko da sakaci. Inda aikin ne da kansa ya ci mutum, hukuncin daban ne: malaman fiƙihu sun fahimta daga hadisin da ya yi magana a kan rijiya da ramin ma'adinai cewa wanda aka ɗauka haya ya haƙa rami, ramin ya rufta masa, babu diyya a kan wanda ya ɗauke shi. A babin ijara kuma, wato ƙulla haya ta aiki ko ta kaya, littattafan Malikiyya sun nuna cewa rashin lafiyar ɗan haya tana warware yarjejeniya, sai idan ya warke kafin wa'adin ya ƙare, a nan zai koma ya cika abin da ya rage, a cire ladan kwanakin da bai yi aiki ba. Wannan hukunci ya fi kusa da abin da ake kira hutu mai kariya a yau fiye da yadda mutane da yawa ke zato, ko da yake hutu ne da babu lada a cikinsa.

Ra'ayin cewa mai aiki ya biya diyya ko da ba shi da laifi, don kawai raunin ya auku a cikin aikinsa, ya fito ne daga masana'antun Turai. Jamus ta kafa inshorar haɗarin aiki a 1884 a zamanin Bismarck, Ingila ta yi dokar diyyar ma'aikata a 1897 ta faɗaɗa ta a 1906, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuma ta fitar da yarjejeniyoyi a kan batun a 1925. Nijeriya ba ta samu tata ba sai a 1941, ta fara aiki a 1942, a lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya sa gwamnatin mulkin mallaka ta matsu da ma'aikatan jirgin ƙasa da tashoshin jiragen ruwa da na kuza a Jos. Aikin lada mafi girma da ƙasar Yauri ta sani kafin wannan shi ne haƙar zinariya a yankin Bin Yauri da Yelwa, wadda ta bunƙasa a shekarun 1930 bayan farashin zinariya ya tashi, ta kuma durƙushe a lokacin yaƙin. Yawancin masu haƙa a filayen ma'adinai na Arewa ba albashi ake ba su ba. 'Yan tiribita ne, wato masu haƙa da kansu a filin mai lasisi su kawo masa abin da suka samu ya biya su gwargwadon nauyinsa. A idon doka irin wannan mutum ba ma'aikacin kowa ba ne, kuma an ci gaba da cire shi daga cikin masu haƙƙin diyya har a dokar da aka sake a 1987.

Gina madatsar ruwa ta Kainji daga 1964 zuwa 1968 shi ya kawo wa yankin aikin albashi mai rajista da lamba da ranar biya a ma'aunin da ba a taɓa gani ba. Hukumar Madatsun Ruwa na Kwara ce ta ba da kwangilar ga Impregilo, haɗakar kamfanonin Italiya uku, dubban lebura da direbobi da kafintoci da masu walda daga sassan ƙasar nan suka taru a Sabuwar Bussa, Janar Yakubu Gowon kuma ya buɗe madatsar a Fabrairun 1969. Waɗannan ma'aikata na cikin waɗanda dokar 1941 ta shafa kai tsaye, amma aikin kwangila yana da ranar ƙarewa, kuma wanda ya ji rauni a shekarar ƙarshe babu gurbin da zai koma ko da ya warke. Ga mutanen Yauri da Ngaski, kalmar diyya a wancan zamani ta fi nufin gida da gona: tafkin da ya cika ya shanye tsibirai da ƙauyuka, aka tashi mutum fiye da 40,000, aka gina musu sababbin matsugunai a tudu. Abin da ba a lissafa ba shi ne yadda ruwan ya sauya haɗarin sana'a. Kogin da masunta suka san kowane dutse da kwararo nasa ya zama tafki mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,200, mai igiyar ruwa idan iska ta taso, da kututturan itatuwa a tsaye a ƙarƙashinsa suna yaga taru suna fasa jirage. Yawan kifin shekarun farko ya jawo baƙin masunta daga nesa, jiragen inji suka yawaita, aka samu masu jirgi da ke ɗaukar yaran da ba 'ya'yansu ba a kan kaso na abin da aka kama. Da haka aka samu ma'aikaci wanda ya fita daga inuwar gandu bai kuma shiga inuwar doka ba.

Dokoki biyu na zamanin soja su suka tsara matsayin ma'aikacin da ke kwance na shekaru masu yawa, kuma karanta su tare shi ke nuna inda ɓarakar take. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta ba ma'aikaci albashin kwanakin aiki har 12 a shekara idan likita mai rajista ya tabbatar da rashin lafiyarsa, da sharaɗin cewa yarjejeniyar aikin tana nan ba ta warware ba. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 1987 kuma ta ce wanda rauni ya kwantar na wani lokaci a biya shi cikakken albashi na wata 6, rabi na wata 3, sannan rubu'i na wata 15. Wanda ya nakasa gaba ɗaya a ba shi albashin wata 54 a dunƙule, iyalin wanda ya mutu kuma na wata 42. A takarda wannan ba ƙaramin tanadi ba ne. Amma ita dokar 1974 ɗin ta bar wa mai aiki damar kawo ƙarshen aiki da notis kawai: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara 2 ba, mako 2 ga wanda bai kai shekara 5 ba, wata ɗaya daga nan zuwa sama, kuma kotuna sun daɗe suna bin ƙa'idar da aka gada daga Ingila cewa ba dole ba ne ya faɗi dalili. Abin lura shi ne masu rubuta dokar sun san yadda ake kare gurbi, tunda sun haramta ba wa mace notis ɗin sallama tana cikin hutun haihuwa. Ba su dai shimfiɗa wannan kariya ga wanda inji ya cinye wa hannu ba. Ma'aikatan gwamnati, irin malaman makaranta da na asibiti da na sakatariyar ƙaramar hukuma a Yelwa ko Warra, sun fi samun sauƙi, domin ƙa'idojin aikin gwamnati sun tanadi hutun jinya mai tsawo da kwamitin likitoci kafin a yi wa mutum ritaya saboda lafiya. Dokar 1987 kuwa, bayan ɗan tiribita, ta cire ɗan gidan mai aiki da ke zaune tare da shi, da mai aikin gona ko sana'ar hannu a wurin wanda bai kai ma'aikata 10 ba, wanda hakan kusan kwatancin dukan masu neman abinci ne a bakin tafkin.

A Disambar 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a sabuwar dokar diyya da ta soke ta 1987. Maimakon kowane mai aiki ya biya daga aljihunsa ko ta kamfanin inshora, yanzu yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a wata cikin asusu ɗaya da hukumar NSITF ke kula da shi, ba tare da ya cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci ba. Wanda ya nakasa gaba ɗaya yana samun kashi 90 cikin 100 na albashinsa wata-wata, an sa cututtukan da aiki ke haifarwa da haɗarin hanya tsakanin gida da wurin aiki, an kuma tanadi horar da wanda ya nakasa don ya iya komawa aiki. Ma'anar ma'aikaci ma ta faɗaɗa har ta ɗauki na wucin gadi da ɗan koyo da wanda aka ɗauka da baki ba da takarda ba. Duk da haka dokar ba ta ce a riƙe wa majinyaci gurbinsa na kwana kaza ba. A Amurka, diyya tana ƙarƙashin dokokin jihohi, dokar tarayya ta 1993 kuma ita ke kare gurbi na mako 12 ba albashi a kamfanonin da ke da ma'aikata 50 ko fiye, sai hutun da diyyar su tafi tare. A Nijeriya abin da ya fi kusa da haka ya biyo ta hanyar shari'a: gyaran tsarin mulki da ya fara aiki a 2011 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon duba rashin adalci a hulɗar aiki da yin la'akari da ƙa'idojin duniya, kuma tun daga nan ta riƙa neman mai aiki ya kawo dalili mai ma'ana kafin sallama. Kariya ce da sai wanda ya iya ɗaukar lauya ya bi shari'a zuwa babban birni yake cin moriyarta.

A ramukan zinariya da suka sake cika da matasa a ƙasar Yauri da Ngaski, tsarin tiribita ne ya dawo da wani suna: mai kuɗi ya ba da abinci da diga da igiya da injin niƙa dutse, a raba abin da aka wanke, idan rami ya rufta ko ƙurar dutse ta kama ƙirji, abin da ubangida ya ga dama shi ne kuɗin magani. A kan ruwa ma haka ne. Ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgi da ya taso daga ɓangaren Jihar Neja ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Warra, kaɗan ne suka tsira, kuma da yawan waɗanda ke ciki hanyar neman abincinsu suke. Abin da ke biyo bayan irin wannan masifa jaje ne da gudummawa da rabon rigunan ruwa, ba haƙƙin da iyali za su nema da takarda ba. Dokar 2010 ta ce ma'aikaci ya sanar da mai aikinsa cikin kwana 14 da jin rauni, mai aikin ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, a shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya, kuma duk lissafin yana tafiya ne a kan albashin wata, alhali yaron jirgi da mai shiga rami ana sallamar su ne da kason kifi ko na zinariya a ranar da aka samu.