Abin da Ya Tsira a Ɗakin Fayafayai

Tun da gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, makaɗa suka riƙa zuwa ana naɗar su a kan zare mai faɗin rubu'in inci, wanda ake ɗaurawa a inji mai faifai biyu. Haka muryoyin su Mamman Shata, Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos suka shiga kanta. Sauran tashoshin Arewa da suka zo daga baya duk wannan hanya suka bi.

Mu da muka yi aikin laburare mun san ba tsari ne ya tsare waƙoƙin nan ba, masu sauraro ne. Faifan da katin zaɓi sonka yake nema kowane mako, wa zai yi gigin goge shi? Wasan kwaikwayon talabijin kuwa bai samu wannan gata ba. Kaset ɗin U-matic daga waje ake sayo shi, da tsada, don haka a tashar da na yi aiki, idan wasa ya fita, sai a hau kansa da labaran gobe. Ba mu kaɗai ba, BBC ma ta goge shirye-shiryenta da yawa a shekarun 1960 da 1970. Shi ya sa abin da ake gani na Samanja ko Ƙarƙuzu a intanet yau, galibi wani ne ya naɗa a bidiyon gidansa, hoton duk ya dushe.

Wanda ya tsira daga gogewa sai ya faɗa hannun zafi da raɓa. Zaren rediyo idan ya sha damina yakan yi danƙo, ka ɗora shi ka ji yana ƙugi, baƙin garinsa na liƙewa a kan injin. Sai an gasa shi a ɗan ɗumi kafin a kwafe. Fim kuma da ka buɗe gwangwani ka ji tsami ya buge ka, to ya fara ruɓewa.

Shaihu Umar, fim ɗin Adamu Halilu na 1976, an daɗe ana zaton ya ɓata, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka haska a bikin fina-finan Balin a 2018. Shi fim ko a hasken taga ka ɗaga za ka ga hoton. Kaset sai da injinsa, ga shi an daina ƙera injinan, masu gyaransu kuma yawanci sun yi ritaya.